Ƙarfen da Tasalla ta hana a cire

Kun tambaye ni dalilin da ya sa kowane rumbu a Tudun Gamji yake da dogon ƙarfe a bayansa. To, ku matso, 'yan jikokina.

A da babu shi. Garinmu kan tudu yake, duk damina sai tsawa ta faɗa wa rumbun wani, hatsin shekara ya ƙone ƙurmus. Sau biyu tana cinye na maƙeri Jatau da matarsa Tasalla.

Wata shekara aka sa Jatau ya ƙera ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Shi kuwa in ya kama aiki bai san ya isa ba. Ya yi ta haɗa ƙarfe da ƙarfe har abin ya fi rumbu tsawo. Mai rijiyar ya gani, ya yi dariya, ya ce ba ya so. Jatau ya ji kunya, ya kafe ƙarfen a ƙasa mai laima bayan rumbu.

Kullum Tasalla sai ta ce, "Maigida, ka cire mini wannan abin. Maƙwabta na yi mana dariya."

"Gobe, Tasalla," in ji shi.

Ana nan, ranar wata Laraba da la'asar hadari ya haɗo. Suna tsaye a bakin ɗaki sai haske ya kashe musu ido, ƙara ta girgiza gidan. Tasalla ta dafe kai tana salati, ta ce shi ke nan, gero ya sake tafiya.

Da ruwa ya tsagaita suka leƙa. Rumbu na nan, ko ciyawa ɗaya ba ta ƙone a jinkarsa ba. Kan ƙarfen ne ya yi baƙi, ƙasar gindinsa na hayaƙi. Wutar ta bi shi ta shige ƙasa.

Jatau ya naɗe hannun riga. "Bari dai yau in cire miki shi."

Ta riƙe masa hannu. "Wallahi in ka taɓa shi, ba tuwo a gidan nan."

Kafin kaka, kowane gida ya zo neman irinsa. Tasalla ce ke gargaɗinsu su kafe shi da zurfi, kuma kada kowa ya raɓe shi in hadari ya taso.

Shi ya sa har yau ba a zuba hatsi a sabon rumbu sai an kafa masa ƙarfe, kuma a garin nan sunansa ƙugiyar Tasalla, ita da ta fi kowa ƙin sa.