Waliyyin Tabawa

An yi wani sarki mai alfahari da cewa a ƙasarsa ba a tauye shari'a ko da ƙwayar zarra. Wata rana aka gurfanar da wata dattijuwa mai suna Tabawa a gabansa. Ƙannen Bawa maƙeri ne suka kawo ƙararta, suna neman a fitar da ita daga gidan wansu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, domin shekara da shekaru suna zaune ɗaki ɗaya, alhali ba a taɓa ɗaura musu aure ba.

Tabawa ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana fatan ƙasa ta tsage ta shige. Duk unguwa matar Bawa ake kiranta, yau ga asiri ya tonu. In an kore ta kuwa, wa zai riƙa juya Bawa a shimfiɗa?

Sarki ya dubi Alƙali Sambo ya ce, "Malam, matarsa ce ko kuwa?"

"Allah ya ba ka nasara, zama komai tsawonsa ba ya zama aure. Amma a yi mini izini in tambaye ta. Baiwar Allah, me ya hana?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, yunwa ta koro ni garin nan, ba uwa ba uba. Liman ya ce sai da waliyyi, wadda ba ta da kowa kuwa sarki ne waliyyinta. Muka zo ƙofar nan da goronmu, dogarai suka ce sarki ba ya ganin masu tsumma. Muka yi ta zarya har goron ya bushe. Ban ce na yi daidai ba, kullum da kunyar nake kwana."

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ta amsa nata laifin, tuba kuwa tsakaninta da Ubangijinta ne. Saura waliyyin da ya bar 'yarsa a ƙofa."

Sarki ya sunkuyar da kai don kunya. Da kwanakin jira da shari'a ta gindaya kafin a ɗaura irin wannan aure suka cika, ya taka da ƙafarsa har gaban tabarmar Bawa, ya ba da auren Tabawa, ƙannen nan su ne shaidu. Shi kuwa Alƙali, sarki ya yafa masa alkyabbarsa.

Shugaban da ya kulle ƙofar halal kada ya yi gaggawar ɗaga bulala, domin wani kaso na zunubin yana cikin rawaninsa.