Baƙar Tsakuwa Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, muna ji.

A garin dabbobi da ihu ake yanke shari'a. Bushiya ta ce Kura ce ke cinye 'ya'yan awaki, sai Kura ta tara gari. Kowa ya dubi haƙoranta ya ce, "A kori Bushiya!"

Bushiya ta ce, "Na yarda, Yaya Kura. Amma kowa ya jefa tsakuwa a tulu a ɓoye, baƙa in tafi, fara in zauna."

Kura ta ce, "Kawo tulun, 'yar ƙaya."

Aka juye, baƙa ɗaya tak. Kura ta zare ido, kowace akuya na rantsuwa, "Ranki ya daɗe, baƙar tawa ce."

Kura dai ta san tata ce. Kafin la'asar ta bar garin.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.