Wa Za a Yi wa Takwara da Bakwainin Barira?

Kawun maigidana, Baba Ilu, shi ya ba mu labarin nan, ya bar mu da gardama har yau.

Ya ce wata mata mai suna Barira ta haifi bakwaini a wani ƙaramin asibiti. Aka sa yaron a kwalbar ɗumama jarirai, wadda yayyenta uku injiniyoyi suka ƙera wa asibitin. Sai kwalba ta fara rikici. Yanzu zafi daidai, anjima ya haura, nas ta rugo ta ciro yaro. Ga shi babu wata kwalbar a garin. Barira ta manna shi a ƙirji, ta kasa zaune ta kasa tsaye, tana ce wa yayyen nata, "Yaya, ku yi wani abu mana, jikinsa sanyi yake yi!"

Babbansu Haladu ya tsaya kan kwalbar ko ruwa bai sha ba, har ya lura zafin ba ya haurawa sai an ɗauke wuta na'urar ta koma kan batir. Ba don shi ba, da ba su san inda za su duba ba.

Na tsakiya, Sabitu, ya buɗe kwamfuta ya bi sashen manhajar da ke farkawa idan wuta ta ɗauke. Rubutunsu lafiya lau. Sai ya bi abin da kwamfaila ta fitar, ita ce ke juya rubutunsu zuwa yaren na'ura. Ashe karambani ta yi, ta kira wani aikin kwafi daga laburare, wato rumbun shiryayyun ayyukan manhaja. Shi kuma aikin sai ya ari manyan guraben ƙwaƙwalwar na'ura inda ake ajiye lissafin zafi, ya zuba nasa a ciki, ya tafi bai mayar ba.

"To a hana ta mana!" in ji Haladu.

Sabitu ya ce, "Da na san yadda ake hana ta, ka ga ina zufa?"

Ƙaraminsu Rayyanu shi ya san umarnin da ake ba kwamfaila. Ya sa mata guda biyu: kada ta taɓa manyan guraben, kuma kada ta kira laburare da kanta, don na farkon bai isa ya hana laburaren ba. Suka sake haɗa manhaja, suka yi ta kashe wuta suna kunnawa. Zafi bai motsa ba.

Yaro ya rayu. Suna ya matso, uban ya ce sunan wanda ya ceci ɗansa zai sa masa.

Baba Ilu ya dube mu ya ce, "To ku faɗa mini, Haladu, Sabitu ko Rayyanu, wa ya cancanci takwara?"