Haƙarƙarin Ƙarfe a Ƙarƙashin Katako

Akwai wani mai haƙar rijiya da aikinsa ke kai shi ƙauyuka masu nisa. Sai ya so a gina masa ƙaramin ɗaki a kan tayoyi, wanda motarsa za ta riƙa ja, domin shi da matarsa su sami wurin kwana.

Ya kira mai walda, da kafinta, da mai fenti. Mai walda ya shimfiɗa ƙarafan gindi, ya ɗaura tayoyi da sifirin mai rage jijjiga, ya ƙera maƙalar da za ta kama mota. Sa'an nan ya tsayar da ƙarafa kamar haƙarƙari, kusa da kusa, yana liƙe kowace gaɓa da walda ciki da waje. Kwana goma sha ɗaya yana wannan.

Mai rijiya ya ƙosa, ya ce, “Malam, ɗaki na ce ka yi mini, ba kurkuku ba! Wa zai ga waldar ciki?”

Mai walda ya ce, “Mutum ne zai kwanta a nan.”

Kafinta ya rufe ƙarafan da katako da kwano, mai fenti ya shafa shuɗi. Ranar addu'ar keɓe ɗakin aka yabi kafinta da mai fenti, aka ba su kujerun gaba. Ba a ambaci mai walda ba.

Da damina, wata rana da tsakar rana, matar mai rijiya tana hutawa a ɗakin, wanda aka ajiye ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa. Iska ta taso, babban reshe ya karye ya faɗo a kan rufin. Mijin ya fito daga rijiyar da yake haƙawa a guje yana kiran sunanta. Kwano ya lotse, katako ya tsage, gilashin taga ya tarwatse. Amma ga matar zaune da rai, reshen yana kwance a kan ƙarafan, taƙi biyu daga kanta. Maza takwas ne suka iya ɗaga shi. Mai rijiya ya bi gaɓoɓin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba ta buɗe ba. Tsoro ya kama shi, ya durƙusa a cikin laka.

Ga ma'anar misalin. Ɗakin nan ikkilisiya ce. Ƙarafan su ne bayin da Ubangiji ya sa su riƙe mu a ɓoye, ranar da nauyi ya faɗo kuwa sai mu ga ikonsa a cikinsu.

To, 'yan'uwa, ku duba allon godiya da muka kafa a ƙofar majami'a. Akwai sunan wanda ya sayi labule. Babu sunan Malama Lo'is, wadda ta koya wa 'ya'yanmu Maganar Allah shekara ashirin da bakwai a ƙarƙashin mangwaro. Wannan ba mantuwa ba ce, rashin adalci ne. Dattawa, a sauke allon nan a gyara kafin Lahadi, tun idanunta suna iya karantawa.