Gashin Ahmadu Mai Launin Toka

Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da Jahun, sunanta Madina, tana auren ɗan baffanta Muntaka. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa ta haifi namiji. Sai ga gashin kansa toka-toka kamar na tsoho, fatarsa kuma ta fi ta kowa haske a gidan.

Nan da nan ƙauye ya ɗauka. Kun dai san mu da baki.

Ranar suna wanzami ya yi wa jariri aski, aka sa masa Ahmadu. A gidansu uba ke auna gashin, ya yi sadakar azurfa daidai nauyinsa. Muntaka ya kau da kai.

"Ba zan auna gashin da ban san asalinsa ba," in ji shi, a gaban jama'a.

Madina ta tsince gashin ta ƙulle a tsumma, tana hawaye. Tun daga ranar, da gashi ya tsiro sai ta sa a aske. Muntaka ko taɓa yaron bai taɓa yi ba. Ƙarshe ya ce zai je gaban alƙali ya rantse ba ɗansa ba ne.

Ƙasa ta yi wa Madina zafi. Abinci ya gagare ta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar Muntaka.

"Yaya, don girman Allah, mu je asibiti kafin kotu."

A Dutse likita ya nemi gashin yaron, ga kai kuma ƙwal. Madina ta kwance tsumman nan. Likita ya sa gashin a madubin da ke ƙara girman abu, ya kira Muntaka.

"Leƙa. Ka ga baƙin nan dunƙule-dunƙule? Launin yana nan, bai bazu ba ne. Cikin ƙwayoyin fatarmu akwai wani furotin, mayosin, ɗan dako ne mai kai launi inda ake buƙata. Na yaron nan bai cika aiki ba. Gado ne, kuma ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. An fi ganinsa a auren zumunci. Me ke tsakaninku?"

"Kakanmu ɗaya," in ji Muntaka, da ƙyar.

Jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "Madina, ba ni gashin in auna." Sannan ya miƙa hannu zai ɗauki ɗansa.

Ahmadu ya tsala ihu, ya ƙanƙame uwarsa. Bai san wannan mutumin ba.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ba ka da saninsa, tambayi masana tukuna. Zargi yana cinye abin da neman afuwa ba ya dawo da shi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku ceci mutuncin wata.