Fankar Motar Radoje

Akwai wani Radoje a ƙauyenmu kusa da birnin Niš, mutum mai saurin baki. Amininsa Milutin ne ya tsaya masa shaida ranar aurensa, a wajenmu kuwa wannan ya fi ɗan'uwa.

Lokacin tattasai Milutin ya ari motar Radoje zai kai buhuna kasuwar birni. Cikin cunkoso injin ya yi zafi, ruwa ya tafasa, sai jawo ta aka yi zuwa gida.

Radoje bai tsaya tambaya ba. Ya sami Milutin a shagon gahawa, gaban dattawa, ya ce, "Kai ko baro aka ba ka sai ka ƙona shi. Shekara nawa ina tuƙa ta ba ta taɓa tari ba!"

Milutin ya ajiye kofinsa ya fita.

Washegari Stanko makanike ya buɗe bonet. Ya bar injin ya yi zafi, fanka ko motsi. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya ja waya daga batir zuwa fankar, sai ta hau juyawa.

"Fankarka ƙalau take, maigida," in ji Stanko. Ya zura hannu bayan lagireto ya zaro soket ɗin wayar fankar a cire, an naɗe bakinsa da leda tsaf. "Wane gwani ne ya yi wannan?"

Nan Radoje ya tuna. Shi ya cire da hannunsa lokacin ƙanƙara, wai don mota ta riƙa ɗumi da wuri, ya manta bai mayar ba. Shi kuwa ba ya shiga birni, iskar hanya ce ke sanyaya injin tana rufa masa asiri.

Kunya ta hana shi cin abinci. Da la'asar ya sayi ƙullin gahawa ya bi ta bayan gidan Milutin, ya tarar da shi yana gasa tattasai. Murya ƙasa-ƙasa ya faɗi gaskiya.

Milutin ya juya tattasansa, bai ɗago ba.

"Na ji. Amma ba a nan ka zage ni ba."

Haka Radoje ya koma shagon, ya cire hula, ya maimaita komai gaban dattawan nan, har da zancen ledar.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, fara duba aikin hannunka. Wanda ka kunyata a bainar jama'a, a nan za ka wanke shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.