Gwajin da Malam Nagoda Ya Cire

Malam Nagoda gwani ne a harkar manhaja, amma ba ya iya jure jin an yabi wani. Shekararsa bakwai a wani ɗan kamfani da ke Tudun Wada, inda ake haɗa ƙananan na'urori masu sa ido kan sanyin firijin allurar rigakafi.

Kafin a fitar da na'ura, dole a gwada kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita. Sai dai don manyan kwamfutoci aka rubuta gwajin. Da an ɗora shi kan 'yar na'urar, sai ya nemi kayan aikin da ba ta da su, ya tsallake rabi, ya ce lafiya lau.

Angela, sabuwar ma'aikaciya daga Hanwa, ta shafe mako uku tana sake rubuta shi, har ya yi aiki da ɗan abin da na'urar ke da shi. Mai kamfanin, Alhaji Kailani, ya ce a gaban kowa, "Watanta huɗu da zuwa, ta warware abin da ya gagare mu shekara da shekaru."

Nagoda ya tashi ya bar wurin.

Bayan kwana biyu Angela ta same shi shi kaɗai. "Malam, gwajin ya nuna matsala a ɓangaren da ka rubuta. In wuta ta ɗauke sau biyu a jere, na'urar sandarewa take."

"Ke da kika zo jiya za ki koya mini aiki?" in ji shi.

"Ba haka nake nufi ba, Malam. Mu duba tare."

Tana fita ya cire gwajinta, ya mayar da tsohon, ya sa hannu cewa komai daidai. Aka kai na'urori asibitocin ƙauye.

A ɗaya daga ciki wuta ta ɗauke sau biyu ranar Asabar, firiji ya mutu, na'urar ta sandare, ba ta aika saƙon gargaɗi ba. Ranar Litinin aka tarar allurar yara ɗari uku ta lalace, iyaye mata suka koma gida da goyonsu.

Kwamfuta ta nuna wanda ya cire gwajin. Alhaji ya dube shi ya ce, "Kuskure na kowa ne, Nagoda. Ɓoyewar ce ba zan yafe ba. Ajiye makullin ofis."

Mai karatu, hassada takan sa mutum ya ɗauki mai gyara masa aiki a matsayin abokin gaba. In wanda bai kai ka shekaru ba ya nuna maka kuskure, ka gode masa, ka gyara, tun kafin waɗanda ba su ji ba su gani ba su cutu.